Idan Akwatin Wifi na Gida Ya Ƙi Buɗe Mana Ƙofa



A ɗan littafin bana an ba mu fili, mu ƴan ajin ƙarshe, mu rubuta wani abu mai amfani da muka koya a wajen aji. Muka yi shawara, muka tsaya a kan akwatin wifi na gida, wanda masu gyara ke kira rutar, wasu kuma su ce modem. Mun zaɓe shi ne saboda wahalar da ya ba mu da kanmu, kuma mun san gidaje da yawa a unguwanninmu na Maradi suna da irinsa yanzu.

Ga yadda abin ya faru. Akwai ɗaya daga cikinmu da babban wansu ke aiki a Aljeriya. Shi ya aiko da kuɗi aka sayi akwatin, irin mai sim a ciki, don mahaifiyarsu ta riƙa ganin fuskarsa idan suna magana, ƙannensa kuma su samu na sauke karatu. Mu ma a zauren gidan muke taruwa bayan la'asar muna bitar jarrabawa. Wata biyu komai lafiya lau. A wata na uku sai forfen da ake saye na wata guda ya ƙare cikin kwana tara. Aka sake saye, ya sake ƙarewa. Inna ta ce ita kam ba za ta ci gaba da zuba jakunkunanta a rijiya ba, a naɗe akwatin a sa cikin adaka. Wani dare ɗan'uwanmu ya fito, sai ya tarar da samari jere jikin katangar gidansu, kowa hasken salula na haska mishi fuska. Ashe kalmar sirrin ta gama zaga unguwa. Ba sai wani ya faɗa da baki ba ma: salular Android, tun daga zubi na 10, tana iya nuna wani ɗan hoto mai zane-zane, wani ya ɗauka da tashi salular ya shige.

Maganin abin a bayyane yake, a canza kalmar sirri. To amma ta ina? Wanda ya haɗa akwatin ya tafi arewa wajen haƙar zinariya, lambarshi ba ta shiga. Kwana uku muka yi muna fama. Abin da muka gano a kwanakin nan, da wanda wani malaminmu ya ƙara mana, shi muka tsara a nan bi da bi.

Mabuɗi biyu ne

Kuskurenmu na farko shi ne mun ɗauka kalmar sirri ɗaya ce. Ashe biyu ne. Ku ɗauki akwatin kamar gida. Akwai mabuɗin ƙofar zaure, wanda ake ba kowane ɗan gida da baƙon da aka yarda da shi. Wannan shi ne kalmar sirrin wifi, wadda ake sa wa salula ta kama rezo. Sannan akwai mabuɗin ɗakin maigida, inda ake yanke wa zai shiga gidan, wa za a kora, da lokacin da za a canza kwaɗon zaure. Wannan shi ne suna da kalmar sirrin mai kula da akwatin. Wanda ke riƙe da na zaure kawai zai sha intanet, amma ba shi da ikon canza komai. Mu kuwa mun ɓata yini guda muna cusa mabuɗin zaure a ƙofar ɗaki.

Akwai wasu akwatunan da ke tambayar mai haɗawa tun ranar farko ko yana so ya mai da kalmomin biyu iri ɗaya. Saboda haka ba laifi a gwada ta wifi sau ɗaya. In ba ta yi ba, a bar ta.

Abu na biyu da ya kamata a sani: shafin saitin yana cikin akwatin kanshi. Ba daga intanet yake zuwa ba. Ko forfe ya ƙare, ko an cire sim ɗin gaba ɗaya, ana iya buɗe shi, matuƙar akwatin na kunne kuma salularku ko kwamfutarku na haɗe da shi. Kada wani ya ce muku sai kun sayi mega kafin ku shiga.

Adireshin akwatin

Kowane akwati yana da adireshi, lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Waɗanda aka fi samu su ne 192.168.0.1 da 192.168.1.1 da 192.168.8.1. Akwatunan Huawei masu sim galibi suna kan 192.168.8.1. Na Tenda da D-Link da yawancin na ZTE suna kan 192.168.0.1. Na TP-Link wasu na kan 192.168.0.1, wasu na kan 192.168.1.1, kuma da yawansu suna amsa sunan tplinkwifi.net. Na Xiaomi kuwa 192.168.31.1 ne.

Wani zai ce, in gidanmu da gidan maƙwabta duk adireshi ɗaya ne, ba za a rikice ba? A'a. Tun 1996 masu tsara intanet suka ware wasu lambobi, masu farawa da 10, da masu farawa da 192.168, da wani yanki na masu farawa da 172, suka ce waɗannan na cikin gida ne, ba su fita waje. Kamar a ce "ɗakin tsakiya" ne: kowane gida na da nashi, kuma wanda ke cikin gidan kawai ya san inda ake nufi. Shi ya sa dole sai kuna haɗe da akwatinku kafin adireshin ya kai ku wurinshi.

Hanya mafi sauƙi ta sanin adireshin ita ce a juya akwatin. A ƙarƙashi ko a bayanshi akwai ƴar takarda da aka manna, ɗauke da adireshin, da sunan wifi, da kalmar sirrinshi ta asali, sau da yawa har da suna da kalmar shiga saiti. In ƙaramin wifi na aljihu ne, takardar tana ƙarƙashin murfin baya ko ƙarƙashin batir. Mun ba ku shawara ku ɗauki hotonta yau ɗin nan, don zafi da ƙura suna goge rubutun.

In takardar ta goge, ko wanda ya haɗa ya canza adireshin, salula za ta faɗa muku. A Android, a shiga saitin wifi, a taɓa sunan rezon da ake kai, a nemi cikakken bayani. A mafi yawansu za a ga layi mai suna "Passerelle", ko "Gateway" in salular na kan Ingilishi. A iPhone, a taɓa ƙaramin "i" da ke cikin da'ira kusa da sunan rezon, a duba layin "Routeur". A kwamfuta mai Windows, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta cmd, baƙin allo zai buɗe, a rubuta ipconfig, a duba layin "Passerelle par défaut". Lambar da ke gaban layin nan ita ce adireshin akwatin. In salular ba ta nuna wannan layi ba, a dubi adireshin ita kanta salular. In ta nuna 192.168.8.102 misali, to galibi akwatin na kan 192.168.8.1, wato a bar kashi uku na farko, a mai da na ƙarshe 1. Namu haka ya kasance. Muna ta buga 192.168.1.1 don shi wani ya ji ana faɗa a wurin masu cajin salula, alhali namu na kan 8.1.

Idan shafin bai buɗe ba sam

Nan ne aka fi shan wahala, kuma yawanci ƙaramin abu ne. Ga abubuwan da za a duba, ɗaya bayan ɗaya.

1. A tabbata salular na haɗe da akwatin gidan. Wani lokaci ta kama na maƙwabta ko na wani shago da ta saba da shi, mai ita bai lura ba.

2. A kashe intanet ɗin sim na salular. Wannan ya ci mana rabin yini. Idan forfen akwatin ya ƙare, salula kan ga wifi ɗin ba shi da intanet, sai ta koma kan sim ɗinta a ɓoye. Alamar wifi na nan a sama, amma saƙonku ta wata hanya yake bi, ba zai taɓa isa akwatin ba. In salular ta tambaya ko a ci gaba da zama kan wannan rezo mara intanet, a ce mata i.

3. A kashe VPN in akwai. Samari da yawa suna barin ta kunne. Ita kan ɗauki duk abin da aka aika ta kai shi wata ƙasa, can kuwa ba wanda ya san akwatin ɗakinku.

4. A rubuta adireshin a wurin da ya dace. A buɗe Chrome ko Firefox ko makamancinsu, a rubuta a dogon layin da ke can sama. In aka rubuta a wurin binciken Google, sai ya kawo jerin shafuka masu kama da na akwatin. Kada a sa kalmar sirri a irin waɗannan shafuka ko kaɗan.

5. A duba rubutun da kyau. Lamba 1 ce, ba ƙaramin baƙin L ba. Sifili ne, ba baƙin O ba. Ɗigo ne tsakanin lambobin, ba waƙafi ba. Ba a sa www a gaba, ba a sa .com a baya, ba a barin fili.

6. In har yanzu shiru, a rubuta http:// kafin lambobin. Wasu manhajojin kan ƙara s da kansu su mai da shi https, tsofaffin akwatuna kuwa ba su gane wannan ba. Wani lokaci kuma za a ga gargaɗi cewa haɗin ba shi da tsaro. In kun tabbata adireshin akwatinku ne kuka rubuta, kuma kuna kan rezon gidanku, ana iya danna ci gaba. Amma wannan rangwame na akwatin gida ne kawai. In shafin banki ko na aika kuɗi ya nuna irin gargaɗin nan, a tsaya.

7. A duba ko kan rezon baƙi ake. Wasu akwatuna suna da rezo na biyu da aka ware wa baƙi, kuma an yi shi ne musamman don ya hana shiga saiti.

8. In da kwamfuta ake aiki, kebul ya fi tabbas. A soka shi a ɗaya daga cikin ramukan da aka rubuta LAN. Ramin WAN, wanda sau da yawa launinshi daban ne, na kebul ɗin da ke kawo intanet daga waje ne. In kwamfutar ta nuna adireshinta ya fara da 169.254, ma'anarshi ta nemi lamba wurin akwatin bai ba ta ba, sai ta laƙa wa kanta. A canza kebul, ko a kashe akwatin a kunna.

9. A gidan da ke da akwati biyu, ko akwai na'urar ƙara nisan rezo, mai yiwuwa adireshin ya kai ku wurin wanda ba shi kuke nema ba. A kashe na biyun tukuna, a matso kusa da babban.

10. A cire akwatin daga wuta, a ƙirga talatin, a mayar, a jira minti biyu fitilunshi su daidaita. Wannan ba ya goge komai. Akwatin ƙaramar kwamfuta ce, yana cijewa kamar yadda salula ke yi, musamman a zafin watan Afrilu da Mayu in an ajiye shi jikin taga ko an lulluɓe shi da ƙyalle don ƙura. Haka kuma in kuran na rawa, ko batirin sola ya yi sanyi, ko an sa mishi cajar da ba tashi ba, sai ya riƙa mutuwa yana tashi. A duba ƙarfin wutar da aka rubuta a takardar jikinshi, a tabbata cajar ta dace da shi.

Idan shafin ya buɗe amma ya ƙi karɓar kalma

To, an iso ƙofar ɗaki, saura mabuɗi. A fara da abin da ke jikin takardar. A tsofaffin akwatuna da yawa, suna admin ne, kalmar ma admin. Wasu ba su tambayar suna, kalma kawai. Sababbi kuwa ko dai kowane akwati na zuwa da tashi kalmar daban a jikin takarda, ko kuma ya tilasta wa mai haɗawa ya ƙirƙiri sabuwa ranar farko. In irin na ƙarshen nan ne, ba wata kalmar asali da za a gwada, sai wadda mai haɗawar ya sa.

Kafin a ce kalmar ba daidai ba ce, a lura da waɗannan. Akwatin yana bambanta babban baƙi da ƙarami, salula kuwa ta saba mai da baƙin farko babba da kanta. Kun rubuta admin, ita ta rubuta Admin, akwatin ya ce bai san shi ba. Tana kuma ƙara fili a ƙarshen kalma in an zaɓe ta daga cikin waɗanda take kawowa. In akwai ƴar alamar ido a gefen wurin rubutun, a taɓa ta a ga abin da ake rubutawa.

Masu kwamfuta a ƙasarmu suna da wata matsalar ta daban. Madannan rubutu iri biyu ne ke yawo a kasuwa: na Faransanci da ke farawa da AZERTY, da na Ingilishi da ke farawa da QWERTY. Sau da yawa a sayo kwamfuta mai madannan Ingilishi a sa mata Windows na Faransanci. A irin wannan, in kuka danna admin, abin da zai fito shi ne qd,in, kuma ba za ku gani ba tunda ɗige-ɗige ne ke bayyana. A tsarin Faransanci kuma lambobin layin sama ba su fita sai an haɗa da maɓallin Shift. Dabarar ita ce a fara rubuta kalmar a wani wuri da ake gani, in ta fita daidai sannan a kwafa a kai.

Wani lokaci manhajar ce ke cika wurin da wata tsohuwar kalma da ta adana. A goge, a rubuta da hannu, ko a buɗe shafin sirri na manhajar, ko a gwada da wata salular. Akwai kuma akwatunan da ba su yarda mutum biyu su shiga saiti lokaci guda, don haka in wani ya shiga bai fita ba, a jira ko a kashe a kunna.

Kada a yi ta cacar kalmomi. Akwatuna da yawa suna kulle ƙofar na ɗan lokaci bayan an yi kuskure wasu ƴan lokuta a jere, kuma a lokacin ko kalmar gaskiya aka sa ba za ta shiga ba. Sauri ya haifi nawa. A tsaya a yi tunani: wa ya haɗa akwatin? Ya rubuta wani abu a jikin kwalin ko a cikin ɗan littafin da ya zo da shi? Akwai wata salula a gidan mai manhajar kamfanin, kamar Tether ta TP-Link ko AI Life ta Huawei, wadda har yanzu take a shige? In akwai, ta nan ma ana iya canza kalmar wifi ba tare da an wahala ba. In kuma kamfanin sadarwa ne ya ba da akwatin da tambarinshi a jiki, a je ofishinsu da akwatin da takardar shaida, don wani lokaci sukan sa nasu suna da kalma.

Mu dai duk mun bi waɗannan, ba wadda ta yi. Mai haɗawar ya canza kalmar, ya tafi da ita a kanshi. Sai hanya ta ƙarshe.

Mai da akwatin sabo

A bayan akwatin akwai wani ɗan rami kamar na allura, an rubuta Reset kusa da shi. Danna abin da ke cikin ramin nan yana mai da akwatin yadda ya fito daga kamfani. Kada a rikita shi da maɓallin WPS, wanda aikinshi haɗa na'ura ba tare da kalma ba, ko da kashewa da kunnawa da muka ambata a baya. Wannan shara ce gaba ɗaya: sunan wifi, kalmomin sirri biyu, da duk wani saitin da aka yi, duk za su tafi. Forfen da aka saya dai ba ya tafiya, don lissafinshi na wurin kamfanin sadarwa, a kan lambar sim.

Kafin a taɓa ramin nan, a amsa tambayoyi uku.

Ta farko: takardar jikin akwatin tana karantuwa? Bayan an share, sunan wifi da kalmarshi za su koma na jikin takardar. In ta goge kuma ba ku da kebul da kwamfuta, kun rufe kanku a waje.

Ta biyu: ta yaya intanet ke shigowa akwatin? In mai sim ne, yawanci yana ɗauko saitin kamfanin da kanshi, amma wani sai an rubuta mishi abin da ake kira APN da hannu, don haka a tambayi kamfanin tun kafin a fara. In kuwa ta kebul ko ta fibar intanet ke zuwa, sau da yawa akwai wani suna da kalma da kamfanin ya zuba a ciki. In suka goge, intanet ya tsaya ke nan har sai ma'aikacinsu ya zo. Irin wannan kada a share shi sai an yi magana da su.

Ta uku: sim ɗin na da lambar PIN? Akwatin kan adana ta, in an share sai ya sake tambaya. Kuskure uku yana kulle sim, sai an kawo PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. PUK kuma in aka yi kuskurenta sau goma, sim ɗin ya mutu. A nemo katin nan a ajiye kusa.

In an gama da waɗannan, ga yadda ake yi. A bar akwatin a kunne. A samu tsinken sakace ko ƙarfen cire sim, a danna cikin ramin a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa goma, har fitilu su ɗauke ko su fara ƙyaftawa, sannan a saki. Kada a cire shi daga wuta yana cikin tashi, kuma kada a fara aikin lokacin da kuran ke wasa. Bayan minti biyu ko uku, a nemi sunan wifi na jikin takarda, a shiga da kalmar takardar, a buɗe adireshin. Ranar da muka ga shafin ya buɗe, ihun da muka yi sai da Inna ta leƙo zaure ta ce lafiya?

Bayan an shiga

Shiga ba shi ne ƙarshen aiki ba. Abu na farko, a canza kalmar mai kula. Barin admin a wurin kamar barin mabuɗi ne a jikin kwaɗo, duk wanda ya samu wifi ɗinku zai iya shiga ya canza komai, har ya kore ku daga akwatinku. Ba ƙaramar magana ba ce. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet da jerin sunaye da kalmomi kusan 60 irin waɗanda kamfanoni ke sawa, tana gwada su a kan kyamarori da akwatunan gidaje. Ta kama dubban ɗaruruwa, masu su ba su sani ba, aka yi amfani da su a watan Oktoba na shekarar aka hana mutane da yawa a Amurka shiga manyan shafuka irin su Twitter da Netflix. Saboda irin wannan ne Birtaniya ta fara aiki da wata doka a watan Afrilun 2024, wadda ta hana sayar da na'urori masu kalmar asali iri ɗaya ga kowa.

Na biyu, a canza kalmar wifi. Nan take duk wanda ke kai zai sauka, har da ƴan gida, sai an sa musu sabuwar. A wurin nau'in tsaro a zaɓi WPA2, ko WPA3 in akwai. WEP tsoho ne, an daɗe da fasa shi. Kalmar ba ta kasa baƙi 8, amma gara ta kai 12 ko fiye. Kada a sa lambar salular maigida, ko sunan auta, ko 12345678, su ake fara gwadawa. A haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka da juna, a sa lambobi a tsakani. A guji baƙaƙenmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don akwatuna da yawa ba su karɓarsu, wasu salulolin ma ba su da su.

Na uku, a duba jerin na'urorin da ke haɗe. A nan muka ga abin mamaki, sunayen saluloli cike da shafi, alhali na gidan ba su wuce biyar ba. Ana iya toshe salula ɗaya ɗaya daga nan, sai dai salulolin yanzu suna iya canza lambar shaidarsu su dawo da sabuwar fuska, don haka canza kalma ya fi inganci. A kashe WPS, a kashe damar shiga saiti daga nesa in ba a bukatarta. In gidan mai yawan baƙi ne, a buɗe musu rezon baƙi da kalmarshi daban, wadda za a iya canzawa kowane lokaci ba tare da an dami ƴan gida ba.

Na huɗu, wanda rashin shi ne ya jawo mana duk wannan wahala: a rubuta. Adireshin, sunan mai kula, kalmomin biyu, da ranar da aka canza, a rubuta su a littafi a damƙa wa babba a gidan. Duk wanda kuka kira ya haɗa muku akwati, kada ku sallame shi sai ya rubuta muku waɗannan, kun kuma gwada a gabanshi kun ga sun buɗe.

Kalma ta ƙarshe

Wannan bayani na akwatin gidanku ne, ko na wanda ya roƙe ku ku taimaka mishi. Ƴan'uwanmu ɗalibai, kada wani ya ɗauki abin da ya karanta a nan ya je yana gwada admin a akwatin maƙwabci. Megan da ake sha a ɓoye kuɗin wani ne, wataƙila na wata tsohuwa da ke jiran ganin fuskar ɗanta. Ƙasarmu ma tana da dokar 2019 kan laifukan intanet, wadda ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Wanda aka ba kalmar sirri kuma amana aka ba shi, bai kamata ya raba ta ba sai ya tambaya.

A gidan su ɗan'uwanmu, tun da aka canza kalmar forfe yake kai wata. Biyu daga cikin samarin nan sun zo da kansu sun ba Inna haƙuri, ɗaya ma ya ce yana so ya riƙa ba da nashi kason a sa shi a rezon baƙi, ta ce za ta yi shawara da mai akwatin. Littafin da aka rubuta kalmomin yana cikin adakarta, akwatin kuma yana nan kan kanta inda iska ke ratsawa.

 Duk wanda akwatinshi ya ƙi buɗewa a unguwa, ya bi matakan nan a hankali daga na farko, in ya cije ya neme mu a madarasa bayan an tashi. Inda muka yi kuskure a gyara mana, mu masu koyo ne.



Daga ɗaliban ajin ƙarshe.